Amfani da Wutar Lantarki Wajen Maganin Ciwon Ɓarin Kai

1.0 Gabatarwa

Masuntan Kogin Kaduna sun san wani kifi mai santsin jiki da ake kira minjirya. Duk wanda ya damƙe ta da hannu sai ya ji wani abu ya fizge shi tun daga yatsu har kafaɗa, hannun kuma ya yi sanyi na ɗan lokaci. Abin da ke fizgar mutum wutar lantarki ce da kifin yake samarwa a jikinsa domin farauta da kare kai. Ƙarfin wutar babbar minjirya yakan zarce bolt 300, alhali wutar da ake ja wa gidaje a Nijeriya tana wajen bolt 230 ne.

Tun zamanin da, masu magani suka lura da wannan baiwa ta wasu kifaye. Wajajen shekara ta 47 Miladiyya wani likitan Daular Rum mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa idan ciwon kai ya ƙi jin magani, a ɗora wani kifin teku mai lantarki, yana da rai, a daidai wurin da ke ciwo har sai wurin ya yi sanyi. Bayan kusan shekara 2,000, likitoci sun komo ga wannan dabara, sai dai yanzu ƙananan na'urori masu batir ne suka maye gurbin kifin, kuma ana auna wutar da ake bayarwa da ma'auni.

Wannan babi zai yi bayani a kan ciwon ɓarin kai da yadda yake tasowa, da magungunan da aka saba da su, sannan ya dubi hanyoyin zaburar da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da wutar lantarki ba tare da tiyata ba. Daga ƙarshe za a dubi halin da mai wannan ciwo yake ciki a arewacin birnin Kaduna, da kuma abin da ya rataya a wuyan malamin makaranta.

2.0 Ma'anar Ciwon Ɓarin Kai

Ciwon ɓarin kai wani nau'in ciwon kai ne da ke zuwa yana tafiya, wanda galibi yake kama ɓangare ɗaya na kai. Sunan da Hausawa suka ba shi ya yi daidai da na wasu al'ummu. Larabawa suna ce masa shaƙiƙa, wato tsagi, shi kuwa likitan nan na Girka, Galen, wanda ya rayu a ƙarni na 2 Miladiyya, ya kira shi da kalmar da ke nufin rabin ƙoƙon kai.

Alamomin da ake gane shi da su sun haɗa da ciwo mai bugawa kamar bugun zuciya, da tashin zuciya ko amai, da ƙyamar haske da ƙara, wani lokaci har da ƙyamar ƙamshi. Motsa jiki, ko da hawa matakala ne, yana ƙara shi. Idan ba a sha magani ba, tashi ɗaya yakan ɗauki awa 4 zuwa awa 72. A wajen yara yakan fi gajarta, kuma sau da yawa yakan kama ɓangarorin kai biyu.

Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo sukan sami alamun gargaɗi kafin kan ya fara sarawa. Mutum yakan ga ƙyalli ko zane mai lanƙwasa yana rawa a gabansa, ko wani yanki na abin da yake kallo ya ɓace, ko ya ji tsikari a hannu da leɓe, ko magana ta yi masa nauyi. Waɗannan alamu sukan ɗauki minti 5 zuwa minti 60, sannan su wuce.

Ƙididdigar lafiya ta nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin bakwai a duniya yana fama da shi, wato sama da mutum biliyan ɗaya ke nan. Kafin balaga, yara maza da mata kusan kunnen doki suke, amma bayan balaga mata sun ninka maza sau biyu zuwa uku. Binciken nauyin cututtuka na duniya na shekarar 2019 ya sanya shi a matsayi na biyu cikin cututtukan da ke hana mutane gudanar da harkokinsu, kuma na ɗaya a tsakanin mata masu shekara 15 zuwa 49. Idan ciwon kai ya kai kwana 15 ko fiye a wata, har na tsawon sama da wata 3, kuma aƙalla kwana 8 daga ciki suna da alamun ɓarin kai, likitoci sukan ce ciwon ya zama mai naci.

3.0 Yadda Ciwon Yake Tasowa

A da an ɗauka cewa kumburin jijiyoyin jini na kai shi ne tushen ciwon. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa tushen yana cikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo. A nan ya kamata a lura cewa kalmar jijiya a Hausa tana ɗaukar ma'ana biyu, wato jijiyar jini da jijiyar saƙo. Ta biyun ce abin nufi a mafi yawan wannan babi.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin saƙo kimanin biliyan 86, kuma suna isar da saƙo ne ta hanyar ƙanƙanuwar wutar lantarki da wasu sinadarai. Ƙwaƙwalwar mai ciwon ɓarin kai tana da saurin harzuƙa, ta yadda abin da wani ba zai kula da shi ba, kamar hasken rana mai ƙarfi ko ƙamshin turare, yana iya tayar mata da hankali. Wannan hali ana gadonsa, shi ya sa akan tarar da uwa da 'yarta duk suna fama da shi.

A shekarar 1944 wani masani ɗan ƙasar Birazil, Aristides Leão, ya gano cewa wata igiyar lantarki takan ratsa saman ƙwaƙwalwa a hankali, da saurin kimanin milimita 3 a minti ɗaya, tana barin ƙwayoyin da ta bi ta kansu a kasale na ɗan lokaci. Masana sun danganta alamun gargaɗi da wannan igiya. Idan ta bi ta ƙeyar ƙwaƙwalwa, inda cibiyar gani take, sai mutum ya ga ƙyallin da aka ambata a baya.

Shi kuwa zafin ciwon, yana bi ne ta wata babbar jijiya mai rassa uku da ke kula da jin fuska da goshi da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Idan ta harzuƙa takan saki wasu sinadarai, musamman wanda ake taƙaita sunansa da CGRP, waɗanda ke buɗe jijiyoyin jini su kuma ƙara kaifin jin zafi. Tunda al'amarin ya shafi lantarkin jijiyoyi, masana suka ga cewa mai yiwuwa ne a kwantar da shi da wata wutar daga waje.

4.0 Magungunan da Aka Saba da Su

Magungunan asibiti sun kasu gida biyu. Kashi na farko shi ne na kwantar da ciwo idan ya taso, kamar farasitamol da asfirin da ibufurofen, da kuma dangin tiriftan, waɗanda na farkonsu ya shiga kasuwa a shekarar 1991. Kashi na biyu shi ne na rigakafi, waɗanda ake sha kullum domin rage yawan tasowar ciwon, kamar furofaranolol da amitiriftilin da tofiramet. A shekarar 2018 aka amince a Amurka da allurar farko da ke toshe aikin sinadarin CGRP.

Waɗannan magunguna suna taimakon mutane da yawa, amma suna da iyaka. Wasu suna sa barci ko ƙiba ko mantuwa. Wasu ba su dace da mai gyambon ciki ko mai ciwon zuciya ko mai juna biyu ba. Babbar matsalar kuwa ita ce, yawan shan maganin ciwon kai shi kansa yana haifar da ciwon kai. Wanda yake shan farasitamol ko makamancinsa kwana 15 ko fiye a wata, ko yake shan tiriftan ko haɗin magunguna ko dangin kodin da taramol kwana 10 ko fiye a wata, har tsawon sama da wata 3, yana iya wayar gari kansa na ciwo kusan kullum. Wannan haɗari ya fi kusa da wanda ya saba zuwa kemis a haɗa masa ƙwayoyi ba tare da takardar likita ba. Illar kodin ta kai ga Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a watan Mayu na shekarar 2018. Waɗannan dalilai ne suka sa aka nemi hanyar da ba ta bi ta ciki da hanta da ƙoda ba.

5.0 Taƙaitaccen Tarihin Lantarki a Fagen Magani

A shekarar 1791 Luigi Galvani na birnin Bolonya a Italiya ya wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewa lantarki yana motsa ƙafar mataccen kwaɗo. A shekarar 1831 Michael Faraday na Ingila ya gano cewa maganaɗisu mai sauya ƙarfi yana haifar da wutar lantarki a cikin abin da ke kusa da shi. A shekarar 1924 Hans Berger na Jamus ya auna lantarkin ƙwaƙwalwar mutum.

Wani muhimmin mataki shi ne ra'in da Ronald Melzack da Patrick Wall suka gabatar a shekarar 1965. Sun bayyana cewa saƙon zafi yana bi ta wata irin ƙofa kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma saƙon taɓawa ko shafa yana iya rage buɗewar ƙofar. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya yi tuntuɓe yake murza yatsansa, kuma yana iya zama bayanin sauƙin da mai ciwon kai yake ji idan ya ɗaure kansa tamau da ɗankwali. A kan wannan ra'i aka ƙera na'urorin rage zafi da ake manna wa fata, waɗanda sassan gashin ƙashi na manyan asibitoci suke amfani da su ga masu ciwon baya da gaɓoɓi.

6.0 Ire-iren Hanyoyin Zaburarwa

Hanyoyin da ba su buƙatar tiyata sun kasu kashi biyu. Akwai masu nufar ƙwaƙwalwa kai tsaye ta cikin ƙoƙon kai, akwai kuma masu zaburar da wata jijiya ta waje domin saƙon ya isa ƙwaƙwalwa ta hanyarta. Biyun farko a jerin da ke tafe suna cikin kashi na farko, sauran ukun suna cikin na biyu.

6.1 Zaburarwa da Raunanniyar Wuta Mai Gudu Ɗaya

A wannan hanya ana jiƙa soso biyu da ruwan gishiri, a ɗora su a wurare biyu na kai, a haɗa su da na'ura mai batir. Wutar da ake saki ba ta wuce miliamfiya 1 zuwa 2 ba, wato kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na amfiya, kuma akan bar ta ta yi kamar minti 20. Mafi yawanta tana bin fata ne ta wuce, kaɗan ce ke ratsa ƙashi ta isa ƙwaƙwalwa. Wannan kaɗan ɗin ba ta tilasta wa ƙwayoyin saƙo yin aiki, sai dai ta ƙara musu ko ta rage musu saurin harzuƙa, gwargwadon soson da yake kansu. Michael Nitsche da Walter Paulus na Jami'ar Gotingen a Jamus ne suka farfaɗo da wannan hanya a shekarar 2000. An gwada ta a kan masu ciwon ɓarin kai a ƙasashe daban-daban, wasu gwaje-gwajen sun nuna raguwar kwanakin ciwo, wasu ba su nuna ba. Mafi yawansu an yi su ne a kan mutane ƙalilan, kuma masu binciken sun sha bamban a kan wurin ɗora soso da yawan zama. Saboda haka, dangane da ciwon ɓarin kai, wannan hanya tana matakin bincike.

6.2 Zaburarwa da Maganaɗisu

Anthony Barker da abokan aikinsa a birnin Shefil na Ingila suka fara nuna wannan hanya a shekarar 1985, bisa abin da Faraday ya gano. Ana kara na'urar a ƙeya, a danna, sai ta saki bugun maganaɗisu na ƙasa da ƙiftawar ido. Bugun yana ratsa ƙoƙon kai ba tare da zafi ba, ya haifar da 'yar wuta a saman ƙwaƙwalwa, wadda ake sa ran za ta katse igiyar da Leão ya gano. A wani gwaji da aka wallafa a shekarar 2010 a kan masu ciwo mai alamun gargaɗi, kashi 39 cikin ɗari na waɗanda suka yi amfani da na'urar gaske sun rabu da ciwo bayan awa 2, alhali kashi 22 ne suka rabu da shi cikin waɗanda aka ba na'urar bogi. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da ita a watan Disamba na shekarar 2013.

6.3 Zaburar da Jijiyar Goshi

Reshen sama na jijiya mai rassa uku yana fitowa kusa da fata a saman gira. Wani kamfani na ƙasar Beljiyam ya ƙera na'ura mai suna Cefaly da ake mannawa a tsakiyar goshi domin zaburar da wannan reshe. Don rigakafi ana sanya ta minti 20 kullum, don kwantar da ciwon da ya taso kuwa minti 60. A gwajin da aka wallafa a shekarar 2013, wanda ya ƙunshi mutum 67 na tsawon wata 3, kashi 38 cikin ɗari na masu na'urar gaske sun sami raguwar kwanakin ciwo da aƙalla rabi, idan aka kwatanta da kashi 12 na masu ta bogi. An amince da ita a Amurka a shekarar 2014, sannan a 2020 aka yarda a saye ta a can ba tare da takardar likita ba.

6.4 Zaburar da Jijiyar Wuya

Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi ta gefen wuya, ta gangara zuwa zuciya da huhu da hanji. Na'urar gammaCore ana kara ta ne a gefen wuya na tsawon minti 2 a kowane zubi. An amince da ita don ciwon ɓarin kai a Amurka a shekarar 2018. A gwajin da aka yi a Italiya, wanda aka wallafa a wannan shekara, ta fi ta bogi kawar da ciwo bayan minti 30 da bayan minti 60, amma bayan awa 2 bambancin bai kai mizanin da masu binciken suka gindaya ba.

6.5 Zaburarwa Daga Nesa

Wannan ita ce mafi ban mamaki, domin a damtse ake ɗaura na'urar, a kuma sarrafa ta da wayar hannu na tsawon minti 45. Hikimar ita ce, idan gindin ƙwaƙwalwa ya karɓi saƙo mai ƙarfi daga wani sashe na jiki, yakan saki sinadaran da ke dusashe zafi a sauran sassa. Na'urar Nerivio ta sami amincewa a Amurka a shekarar 2019, bayan gwajin da ya nuna cewa kimanin kashi 67 cikin ɗari sun sami sauƙi bayan awa 2, yayin da kashi 39 suka samu da ta bogi. A shekarar 2021 aka faɗaɗa izinin ya haɗa da matasa daga shekara 12.

7.0 Bambancinsu da Jijjigar Lantarki

Da zarar an ambaci sa wa mutum wuta a kai, tunanin jama'a yakan tafi ga jijjigar da ake yi wa wasu masu larurar taɓin hankali. Waccan hanya ce dabam, wadda Ugo Cerletti da Lucio Bini suka fara a birnin Rum a shekarar 1938. A cikinta ana sa majiyyaci barci, a ba shi wuta mai ƙarfin kimanin miliamfiya 800, domin a haifar da gajeriyar jijjiga da gangan, kuma ana yin ta ne musamman ga masu matsanancin ciwon damuwa. Wannan ƙarfi ya ninka na hanyar soso sau 400. Mai amfani da na'urorin ciwon ɓarin kai idonsa biyu, yana zaune, yana iya kashe na'urar a duk lokacin da ya so. Haka kuma ciwon ɓarin kai ba taɓin hankali ba ne.

8.0 Fa'ida da Iyakoki

Babbar fa'idar waɗannan na'urori ita ce ƙarancin illa. Abin da aka fi samu shi ne tsikari ko ƙaiƙayi ko jan fata a wurin da aka manna su, wani lokaci da jin barci ko jiri na ɗan lokaci. Ba su cutar da ciki, kuma suna iya taimaka wa wanda yake son rage yawan ƙwayoyin da yake sha.

Sai dai alƙaluman da aka kawo a sama suna koyar da darasi biyu. Na farko, babu na'urar da ta yi wa kowa aiki, kuma babu wadda take raba mutum da ciwon har abada. Na biyu, mutane da dama sun sami sauƙi da na'urar bogi, domin sa rai da waraka shi kansa yana rage zafi. Wannan ne ya sa shaidar mutum ɗaya cewa abu ya yi masa aiki ba ta isa hujja ba, sai an kwatanta rukuni biyu da ba su san wace na'ura aka ba su ba. Ko a nan akwai cikas, domin mai na'urar gaske yakan ji tsikarin wuta ya gane abin da aka ba shi. Har ila yau, kamfanonin da suka ƙera na'urorin ne suka ɗauki nauyin da yawa daga cikin gwaje-gwajen, kuma an yi mafi yawansu a Turai da Amurka.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su kusanci waɗannan na'urori ba sai da izinin likita. Sun haɗa da mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, da mai ƙarfe a kai ko a wuya, da mai farfaɗiya, da mai rauni a wurin da za a manna na'urar, da mai juna biyu. Haɗa irin wannan na'ura a gida da batir da wayoyi, ko kusantar da wutar gida ga kai, ganganci ne da ke iya ƙona fata ko ya kai ga rasa rai.

9.0 Halin da Ake Ciki a Arewacin Kaduna

Mazaunin Kawo ko Unguwar Dosa ko Malali ko Unguwar Rimi yana rayuwa ne cikin abubuwa da dama da ke tayar da wannan ciwo. Akwai zafin bazara na watannin Maris da Afrilu da ƙishirwar da ke tare da shi, da ƙurar hunturu, da hayaƙi da ƙarar janareta, da cunkoson titin Ahmadu Bello da na kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Akwai kuma ƙarancin barci, da tsallake abinci, da damuwar jarrabawa, da sauyin jiki na lokacin al'ada. Wasu sukan lura cewa ciwon yana taso musu a kwanakin farko na azumi, saboda sauyin lokacin ci da barci da rashin shayin da suka saba sha.

Idan ciwon ya taso, mutane sukan shiga ɗaki mai duhu, su ɗaure kai, su shafa man zafi. Wasu sukan nemi wanzami ya yi musu ƙaho, wasu su haɗa da tofi da addu'a, da yawa kuma su nufi kemis. Matakin da ya fi muhimmanci, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne tabbatar da irin ciwon. Zazzaɓin cizon sauro da hawan jini da matsalar ido duk suna sa ciwon kai. Kaduna kuma tana cikin yankin da sanƙarau yake ɓarkewa a lokacin zafi, cutar da ta halaka sama da mutum 11,000 a Nijeriya a annobar shekarar 1996.

A arewacin kogin akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, wanda aka sa wa sunan likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya, yake kuma horar da ɗaliban likitanci na Jami'ar Jihar Kaduna. Akwai Asibitin Sojoji na 44, da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a kan hanyar Mando ga wanda ake zargin ciwon kansa daga ido yake. A ƙetaren kogin akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, sannan a Shika kusa da Zariya akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Duk da haka, likitocin da suka ƙware a cututtukan jijiyoyi ba su da yawa a ƙasar nan idan aka dubi yawan jama'a. Irin wannan giɓi ne ya sa Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da wani shiri na shekarun 2022 zuwa 2031 domin inganta kula da cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Su kuwa na'urorin da aka bayyana, ba su zama ruwan dare a Nijeriya ba. Daga waje ake shigo da su, da kuɗin waje ake sayensu, kuma wasunsu suna buƙatar a riƙa sabunta abin mannawa ko a sake sayen sabuwa bayan an yi amfani da su wasu lokuta. Faɗuwar darajar naira tun daga watan Yuni na shekarar 2023 ta ƙara nisanta su daga mai ƙaramin albashi. Wannan ya buɗe ƙofa ga masu tallar na'urorin tausa a kasuwanni da intanet, waɗanda suke cewa kayansu suna maganin kowace cuta. Mai saye ya kamata ya nemi lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda ke da alhakin kula da magunguna da kayan aikin asibiti, ya kuma nemi shawarar likita kafin ya fitar da kuɗinsa.

10.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Malami

Ciwon ɓarin kai yakan fara ne a shekarun makaranta, don haka malami yana cikin waɗanda za su fara ganinsa. Ɗalibar da ke kifa kai a kan tebur, tana rufe ido daga hasken taga, tana cewa rubutun allo yana rawa, ba lallai ne ta kasance malalaciya ba. Idan aka yi mata bulala an zalunce ta, idan kuma aka yanke hukuncin cewa iskoki ne ba tare da an kai ta asibiti ba, an jinkirta mata samun sauƙi. Ciwon ba ya barin tabo da za a gani, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da malami zai iya yi mai sauƙi ne. Ya ba ɗalibin ruwa, ya kai shi wuri mai inuwa da shiru, ya sanar da iyayensa. Kada ya ba shi magani daga aljihunsa, musamman asfirin, wanda ba a ba yara 'yan ƙasa da shekara 16 sai da umarnin likita. Ya shawarci iyaye su buɗe ɗan littafi da za a riƙa rubuta ranar da ciwon ya taso, da tsawonsa, da abin da ya gabace shi, da maganin da aka sha. Da irin wannan littafi ne likita zai gane ko ana buƙatar rigakafi, kuma da shi ne za a auna ko wani magani ko wata na'ura ta yi aiki.

Akwai alamun da ke buƙatar gaggawar zuwa asibiti. Su ne ciwon kai mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya, da ciwon kai tare da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, da wanda ya biyo bayan buguwa a kai, da wanda ya zo da suma ko jijjiga ko mutuwar ɓarin jiki, da wanda yake ƙaruwa kullum tare da amai da safe, da kuma sabon ciwon kai ga mai juna biyu.

11.0 Kammalawa

An ga a wannan babi cewa ciwon ɓarin kai larura ce ta ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo, wadda ta fi kama mata da masu ƙuruciya. An ga cewa akwai hanyoyi biyar na zaburarwa ba tare da tiyata ba, huɗu daga ciki sun sami amincewar hukuma a Amurka tsakanin 2013 da 2019, ɗaya kuma tana matakin bincike. Illarsu kaɗan ce, amfaninsu matsakaici ne, kuɗinsu kuma yana da yawa. Ga mazaunin Kaduna a yau, abin da ya fi kusa da hannu shi ne tabbatar da ciwon a asibiti, da kauce wa abubuwan da ke tayar da shi, da kiyaye adadin kwanakin shan magani a kowane wata.

Auna Fahimta

1. A kawo alamomi huɗu da ake gane ciwon ɓarin kai da su.
2. A bayyana ma'anoni biyu na kalmar jijiya, tare da misali a cikin jimla.
3. Mene ne amfanin na'urar bogi a wajen gwajin magani?
4. A bambance tsakanin zaburarwa da raunanniyar wuta da jijjigar lantarki.
5. A rubuta wasiƙa zuwa ga mahaifin ɗalibar da ake zaton tana da ciwon ɓarin kai, ana ba shi shawarar matakan da zai ɗauka.